Tallafin TAP a kwalejojin shekara biyu na Niyok: yadda muka cike shi, da wuraren da yake kuɓuce wa yaranmu

Ranar da muka zauna cike fom ɗin, ni da ɗan yayana da mahaifinsa, abin da ke kan tebur bai wuce kaya biyar ba: girin kad ɗin yaron, katin lambarsa ta Soshal (Social Security), takardun harajin mahaifinsa na shekarar 2023 guda biyu, na tarayya da na jiha, sai takardar WAEC da ya zo da ita daga gida. Cike fom ɗin bai ci mana awa ɗaya da rabi ba. Amma wannan takarda ta ƙarshe, wadda muka ɗauka ba ta da wani tasiri, ita ce ta fi kowace jan hankali daga baya, kuma a kanta ne yaranmu da yawa da ke Bronx da Harlem suke rasa kuɗin zangon farko ba tare da sun san dalili ba.

TAP tallafin karatu ne na jihar Niyok, ana bayar da shi tun 1974, kuma hukumar HESC da ke Albany ce take tafiyar da shi. Ba bashi ba ne. Ba a biyansa, babu ruwa a kansa, don haka wanda yake gudun riba ya kwantar da hankalinsa. Ana auna shi ne da ƙarfin aljihun gida: mai ƙaramin samu ya samu da yawa, mai ɗan hali ya samu kaɗan. Mafi yawansa dala 5,665 ne a shekara, mafi ƙarancinsa dala 1,000. Sai dai ba ya wuce kuɗin makarantar da ake cajin ɗalibi. Kwalejojin shekara biyu na CUNY, jami'ar birnin Niyok, wato irin su Bronx Community College da Hostos da BMCC da LaGuardia, kuɗinsu dala 2,400 ne a zango, dala 4,800 a shekara ga mazaunin birnin. Ke nan a can iyakar abin da TAP zai bayar 4,800 ne, ko da gidan ba shi da ko sisi. A 2024 aka faɗaɗa ƙofar sosai: da, gidan da samunsa ya haura dala 80,000 ba ya shiga, yanzu an kai iyakar zuwa 125,000. Akwai gidajen da aka taɓa ce musu ba su cancanta ba a shekarun baya, suka haƙura, alhali yanzu da sun sake nema da sun samu.

Yawanci ba a fara TAP kai tsaye. Sai an bi ta FAFSA, fom ɗin gwamnatin tarayya, domin daga cikinsa jiha take kwaso bayanai. Kafin a taɓa fom ɗin, ɗalibi zai buɗe asusunsa a shafin StudentAid.gov, uba ko uwa su buɗe nasu daban, kowa da imel ɗinsa. Mun buɗe namu kwana huɗu kafin ranar cikewa, don a lokacin ana ɗaukar 'yan kwanaki kafin a tantance suna da lambar Soshal. A nan a kula da rubutun suna. Mu mutane ne masu Muhammad da Mohammed da Mahamadou a gida ɗaya, wani lokaci ma a takardun mutum ɗaya. Abin da ke kan katin Soshal shi za a kwafa harafi da harafi, ko da ba haka mai sunan yake son a rubuta shi ba. Harafi ɗaya ya bambanta, fom ɗin zai tsaya.

Yaron ya cike nasa ɓangaren, ya tura wa mahaifinsa gayyata, mahaifin ya shiga da nasa asusun. Akwai wurin da ake neman izinin a kwaso bayanan haraji kai tsaye daga hukumar IRS. Yayana ya ɗan ja baya a nan, ya ce, "Wannan ba wani tarko ba ne kuwa?" Ba tarko ba ne, kuma ba zaɓi ba ne: duk wanda aka gayyata ya ƙi bayar da izinin, an hana ɗalibin tallafin tarayya baki ɗaya, ko da mutumin bai taɓa biyan haraji a Amurka ba. Harajin da ake dubawa na shekara biyu baya ne. Mu da muke neman na shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, na 2023 aka duba. In uwa da uba sun shigar da haraji tare a takarda ɗaya, mutum ɗaya ya isa; in daban-daban suka shigar, dukansu biyu sai sun shiga.

Akwai tambayar da ta fi ba mu wahala a matsayinmu na Hausawa, wato wane ne uba. A wurinmu, wanda ya riƙe ka shi ne ubanka. Yaro ya zo hannun baffansa ko gwaggonsa, su ne ci da shansa, su ne haya, su ne komai. FAFSA bai san riƙo ba. Kawu, baffa, inna, kaka, yaya, duk ba iyaye ba ne a wurinsa sai in sun ɗauki yaron a gaban kotu ta hanyar doka. In yaron bai kai shekara 24 ba, bai yi aure ba, ba shi da 'ya'yan da yake ciyarwa, to bayanan iyayen da suka haife shi ake so, ko suna Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Iyayen da ba su da lambar Soshal suna iya buɗe asusu, su rubuta samunsu da hannu bayan an juya naira ko sefa ko sidi zuwa dala. Kada a saka samun baffa a gurbin na uba don a sauƙaƙa; in aka zo tantancewa takardun ba za su haɗu ba, kuma gyaran ya fi wahalar farko. Wanda iyayensa suka rasu, ko babu hanyar samunsu da gaske, akwai tambaya a fom ɗin da aka tanada don irin halinsa, daga nan ofishin tallafin kwaleji ne zai duba hujjojinsa ya yanke.

Da aka tura FAFSA, shafin tabbatarwa ya fito, kuma a jikinsa akwai mahaɗin da ke kai mutum fom ɗin jihar Niyok. Wannan mahaɗin shi ne mutane suke tsallakewa. Suna ganin an ce an gama sai su rufe kwamfuta, su tafi suna zaton sun nemi komai, alhali na tarayya kaɗai suka nema. Mu mun danna shi nan take. Wanda ya riga ya rufe bai yi asara ba: ya jira kwana uku zuwa biyar FAFSA ɗinsa ya kammala, sannan ya shiga shafin HESC ya cike.

Fom ɗin TAP gajere ne, yawancin gurabun ma an riga an cike su. Abu biyu ne ke buƙatar ido. Na farko lambar makaranta. A FAFSA ana iya jera makarantu har 20, amma TAP makaranta ɗaya yake ɗauka a zango, kuma lambarsa daban ce da ta tarayya: ta jiha alƙaluma huɗu ce, ta tarayya shida. Yaron da ya saka Hostos sannan ya ƙare a BMCC, kuɗinsa yana can yana jiransa a inda ba ya zuwa, har sai ya shiga asusunsa na HESC ya canza lambar. Aikin minti biyu ne, amma na ga waɗanda suka kai ƙarshen zango suna kallon bashi a shafinsu saboda shi. Na biyu samun gida. TAP ba ya duba jimillar albashi. Abin da ya rage bayan rangwamen harajin jiha yake dubawa, wanda ke layi na 37 a takardar harajin jiha mai suna IT-201.

Bari in buga lissafin da misali, don shi ne yake nuna wa mutum abin da zai sa rai da shi. A ce magidanci da matarsa sun shigar da haraji tare, samunsu dala 48,000, da 'ya'ya uku. Jiha tana cire wa ma'aurata 16,050, tana cire 1,000 a kan kowane yaro. Saura 28,950. Gidan da wannan adadi nasa bai wuce 7,000 ba, ba a rage masa komai. Daga nan ragin yana hawa mataki-mataki, kuma duk wanda ya haura 18,000 ana rage masa dala 980 da kashi 12 cikin ɗari na abin da ya ɗoru a kan 18,000 ɗin. A misalinmu abin da ya ɗoru 10,950 ne, kashi 12 nasa 1,314, a haɗa da 980 ya zama 2,294. A cire daga 4,800, TAP ya tsaya a 2,506 a shekara, wato 1,253 a kowane zango. In akwai wani ɗan gidan da shi ma yake kwaleji cikakken lokaci, ana ƙara cire 3,000 daga samun gidan, sai tallafin ya koma 2,866. Kada a manta da wannan gurbin. Gidajenmu suna da yara da yawa, kuma sau da yawa biyu suna karatu lokaci guda. Wannan gidan dai, mai mutum biyar da samun 48,000, ya faɗa cikin waɗanda ake ba cikakken tallafin Pell na tarayya, dala 7,395. Haɗa shi da 2,506 ɗin TAP ya kai kimanin 9,900. A biya kuɗin makaranta, a biya ƙananan kuɗaɗen da TAP ba ya taɓawa, irin dala 125 ta kayan fasaha da dala 15 ta hidimomi a kowane zango da kuɗin ƙungiyar ɗalibai, abin da zai rage ya haura dala 4,500, kuma hannun ɗalibin yake komawa don littattafai da kuɗin mota da abinci. Wannan ne amfanin TAP na gaskiya ga talaka: yana ɗauke wani kaso na kuɗin makaranta, sai Pell ya samu sararin zama kuɗin rayuwa.

Duk wannan lissafi yana kan takardar haraji. Da yawa daga cikin iyayenmu direbobin tasi ne ko Uber, ko masu kitso, ko masu ɗan shago, samunsu ba na albashi ba ne. Wanda doka ta wajabta masa shigar da haraji bai shigar ba, ya toshe wa ɗansa hanya. Wanda kuma mai cike masa haraji ya rubuta shi a matsayin shugaban gida marar aure alhali yana zaune da matarsa, don a samu ƙarin kuɗin da ake mayarwa, ya sani ranar tantancewa wannan zai fito, kuma sai ya gyara harajin kafin a saki kuɗin yaron. HESC tana gwada abin da aka rubuta da abin da ke hannun hukumar harajin jiha.

Yanzu ga maganar takardar sakandare. Sharaɗin TAP shi ne ɗalibi ya gama sakandare a Amurka, ko ya samu takardar GED, wadda ke tsayawa a madadin ta sakandare, ko ya ci wata jarrabawa da ake kira ATB, wadda ke nuna zai iya ɗaukar karatun kwaleji. Takardar WAEC ko NECO, ko bakaloriyar Nijar, kwaleji za ta karɓe ta ta ba yaro gurbi, Pell ma zai fito a kanta. TAP ne kaɗai ba ya karɓarta. Shi ya sa abin yake ruɗa mutane: an ɗauki yaro, an ba shi na tarayya, wasiƙar HESC ma ta zo da adadin kuɗi a jiki, sai kowa ya saki jiki. Wasiƙar nan ƙiyasi ce kawai. Kuɗin ba ya tabbata sai jami'in kwaleji ya sa hannu cewa ɗalibin ya cika dukkan sharuɗɗa, kuma wanda yake da takardar waje bai ci ATB ba, ba za a sa masa hannu ba.

Jarrabawar a kwalejin ake yinta, a kan kwamfuta, ta Accuplacer ce, kashi uku: karatu, rubutu da lissafi. Ana neman maki 233 a karatu, 235 a rubutu, 230 a lissafi. Lissafin ba mai zurfi ba ne, ɓangarori ne da kaso cikin ɗari da ɗigon goma, abin da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ya sani, sai dai wanda ya shekara biyu yana aikin sito ko kai saƙo ya manta su. Ɗan yayana ya ce mini, "Baffa, ai na ci lissafi a WAEC." Na ce masa ya zauna dai ya yi gwajin da ke shafin Accuplacer, kyauta ne. Mako biyu ya yi yana bita kafin ya shiga. Muhimmin abu shi ne lokaci: dole a ci ta a farkon zango, kafin a rufe damar ƙara darasi da sauke shi. Wanda ya ci bayan nan, sai zango mai zuwa TAP ɗinsa zai fara, na wannan zangon ya wuce. Shawarata ita ce ranar da aka karɓi takardar shiga, a wuce ofishin jarrabawa a nemi rana, kada a jira a kira mutum.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci, matsalar ba lissafi ba ce, Turanci ne. A nan gaggawa tana cutarwa. CUNY tana da shirin koyon Turanci mai suna CLIP, awa 25 a mako, kuɗinsa kaɗan ne, kuma ba ya cin ko kwabo daga TAP ko Pell. Gara yaro ya yi zango ɗaya ko biyu a can ya fito da harshe, da ya shiga aji yana kallon bakin malami yana ƙona zangunan tallafinsa da ba su da yawa.

Sharaɗin zama ma yana kama sababbin zuwa. Sai mutum ya yi wata 12 a jere yana zaune a jihar Niyok kafin zangon da yake nema. Wanda ya sauka a watan Maris ya shiga kwaleji a Agusta, ba TAP, kuma kuɗin baƙo za a caje shi, dala 320 a kowane kiredit, wato ma'aunin nauyin darasi, maimakon 210. Mun jira shekara ta cika. A ajiye duk abin da ke nuna ranar fara zama: yarjejeniyar haya, katin shaida na jiha, takardar albashi, takardar banki. Yaron da iyayensa ba sa jihar ya shirya amsa ƙarin tambayoyi, domin a ƙa'ida ana ɗaukar mazaunin yaro shi ne na iyayensa har sai ya nuna akasin haka. Batun takardun zama kuwa, ɗan ƙasa, mai girin kad, ɗan gudun hijira da wanda aka riga aka ba mafaka duk sun shiga. Mai bizar karatu bai shiga ba. Wanda ba shi da takardu amma ya yi aƙalla shekara biyu a sakandaren jihar ya gama, ko ya samu GED a jihar, yana da tasa ƙofar tun 2019, ta dokar DREAM mai ɗauke da sunan Sanata José Peralta. Fom ɗinta daban ne, ba ya bi ta FAFSA.

Wani wurin da dokar jiha ta saɓa da ta tarayya shi ne wane ne mai cin gashin kansa. A FAFSA, shekara 24 ta isa. A TAP sai 35 ne ake sakin mutum ba tambaya. Tsakanin 22 da 35 sai ya nuna bai zauna a gidan iyayensa fiye da mako shida a jere a shekara ba, bai karɓi fiye da dala 750 daga hannunsu ba, kuma ba su saka shi a harajinsu ba. Saurayi ɗan shekara 26 da ke ɗaki ɗaya a gidan mahaifinsa, kamar yadda muka saba, mai zaman kansa ne a Washington, ɗan gida ne a Albany. Kuma ba kullum ne zaman kai yake da riba ba: marar aure marar 'ya'ya iyakar samunsa 30,000 ce, mai aure marar 'ya'ya 60,000, kuma abin da ake ba gwauro bai kai na ɗan gida ba.

Samun kuɗin ke nan. Riƙe shi ne aikin da ya fi tsawo, kuma a nan na fi son iyaye su buɗe kunne.

Cikakken TAP yana son kiredit 12 a zango, amma ba kowane 12 ba. Sai waɗanda suke cikin tsarin digirin da ɗalibin ya yi rajista a kai. Yaro yana karanta aikin jinya, ya ɗauki darussa huɗu, uku na fanninsa, ɗaya kuma ya ɗauka don abokinsa yana ajin ko don lokacinsa ya dace da aikinsa. A idonsa 12 ne, a idon jiha 9 ne. Haka in ya maimaita darasin da ya riga ya ci don ya gyara maki, ba a ƙirga shi, sai in fanninsa ya shardanta wani maki da bai kai ba. A CUNY akwai shafin DegreeWorks da ke nuna kowane darasi da gurbin da ya cike. Darasin da ya faɗa ƙasa, cikin waɗanda ba su cike komai ba, TAP ba zai biya shi ba. Kowane zango, bayan rajista, muna buɗe shafin nan mu duba kafin a fara karatu, lokacin da canji bai da tsada. Wanda ya canza fanni kuma ya tabbatar an shigar da canjin a hukumance a farkon zango, in ba haka ba za a auna sababbin darussansa da tsohon fanni.

Sannan tallafin yana da adadi. Kowane cikakken zango yana cin maki 6, kuma mai digirin shekara biyu maki 36 gare shi, wato zango shida. Duka-duka har digirin farko maki 48 ne, zango takwas. Lissafin a bayyane yake: wanda ya cinye shida a kwalejin shekara biyu, biyu kacal suka rage masa in ya wuce kwalejin shekara huɗu irin su Lehman ko City College, inda kuɗin ya fi yawa. Wanda ya gama a zango huɗu ya tafi da huɗu.

Kafin kowane biya ana duba abu biyu. Ɗaya shi ne ko ɗalibin ya kai darussansa ƙarshe a zangon da ya wuce: a shekarar farko aƙalla kiredit 6 a zango, a ta biyu 9, daga nan 12. A wannan ma'aunin, wanda ya zauna har ƙarshe ya faɗi ya kammala, wanda ya janye aka rubuta masa W bai kammala ba. Ɗayan kuma tarin kiredit da matsakaicin maki ne. Kafin biya na biyu ana son kiredit 6 da maki 1.3, na uku 15 da 1.5, na huɗu 27 da 1.8; na biyar 39 da 2.0, na shida 51 da 2.0. A dubi tsallen da ke tsakanin 15 da 27. Zango biyun farko suna da sassauci, yaro ya faɗi darasi ɗaya ko biyu bai ji komai ba, sai ya ɗauka haka abin yake. A zango na uku ne igiyar take tsukewa, domin daga nan duk zango sai ya kawo 12 cif. Wanda ya tara 24 a shekarar farko yana da sarari. Wanda ya lallaɓa da 15 ba shi da wurin yin kuskure ko ɗaya.

Abin da ke jawo janyewa a wurinmu sananne ne. An ƙara wa yaro awannin aiki don a cika kuɗin haya. An yi rasuwa a gida, an sayi tikiti, an tafi mako uku a tsakiyar zango. Biki, ko Umara a watan azumi. Ba na cewa kada a je ta'aziyyar uwa ko uba, Allah ya kiyaye. Amma kafin a danna janyewa a shiga ofishin tallafi a tambayi abin da zai biyo baya. Wanda ya bar dukkan darussansa kafin a ci kashi 60 cikin ɗari na zango, ana mayar da wani ɓangare na Pell, sai kwaleji ta bi shi bashin, ga makin TAP shida sun tafi. Sau da yawa malami zai yarda ya ba da alamar "bai kammala ba" a ƙarasa aikin daga baya, in an yi masa magana da wuri da hujja. Mafi muni shi ne a daina zuwa kawai ba a gaya wa kowa ba.

In an riga an faɗi ma'aunin, akwai afuwa, amma sau ɗaya ake bayar da ita a duk karatun digirin farko, kuma sai da dalili mai takarda: rashin lafiya, rasuwar makusanci, wani abu da ya fi ƙarfin ɗalibi. Takardar asibiti ko ta rasuwa daga gida tana aiki, a fassara ta in ba da Turanci take ba. Kada a kashe wannan dama a kan ƙaramin abu. Wani lokaci ya fi sauƙi yaro ya ɗauki darasi ɗaya ko biyu a hutun bazara ya cike giɓin kiredit ɗin, ya ajiye afuwar don ranar da ba makawa.

Wanda ya san aikinsa ba zai bar shi ya ɗauki 12 ba, kada ya ɗora wa kansa. Tun 2022 aka faɗaɗa TAP ga masu karatun rabin lokaci da ke ɗaukar ƙasa da kiredit 12, ana biyansu gwargwadon abin da suka ɗauka, makin da ake cire musu ma gwargwado ne. Ga uwa mai aikin kula da tsofaffi a gida, ko direban da ke fita da dare, wannan ya fi cikakken lokacin da za a fara a kasa ƙarasawa. Wanda kuma zai iya cikakken lokaci ya nemi shiga shirin ASAP tun kafin zangon farko. CUNY ta fara shi a 2007, yana ba da katin shiga jirgin ƙasa da bas, da taimakon littattafai, yana cike abin da ya rage na kuɗin makaranta ga mai tallafi, kuma yana haɗa ɗalibi da mai ba da shawara guda da zai riƙa ganinsa a kai a kai. A ganina wannan mai ba da shawarar ya fi katin motar daraja, don shi ne yake hango darasin da ba ya cikin tsari kafin a yi rajistarsa. Tallafin Excelsior da ake yawan ambata a matsayin karatu kyauta, ga gidan da TAP da Pell suka riga suka rufe kuɗin makaranta ba ya ƙara komai, saboda ragowar kuɗin makaranta kaɗai yake biya, ga sharaɗin kiredit 30 a shekara da zama a jihar bayan gamawa.

Kuɗin ba ya zuwa ranar farko. TAP makaranta ake tura wa, ba ɗalibi ba, kuma sai bayan an tabbatar da rajista, makonni da fara karatu. Kafin nan yana bayyana a shafin CUNYfirst a matsayin tallafin da ake jira, wanda ya isa ya hana a soke wa yaro darussa. A shafin akwai jerin abubuwan da ake nema daga ɗalibi. Mu duk Lahadi muke buɗe shi, tare da imel ɗin makaranta, domin ta nan ake neman takardun tantancewa, ba ta waya ba, ba ta wasiƙa ba. A saka lambar asusun banki tun wuri don ragowar Pell ta faɗa kai tsaye. Wanda yake zaune a birnin amma ya zaɓi kwalejin SUNY, wato ta jami'ar jiha, a wata gunduma, kamar Westchester ko Nassau, yana da ƙarin takarda guda, shaidar zama daga gundumarsa, wadda ake karɓa daga kwana 60 kafin fara zango zuwa kwana 30 bayan farawa. In babu ita, kuɗin baƙo za a rubuta masa.

Duka fom biyun shekara-shekara ake sabunta su. FAFSA bisa al'ada yana buɗewa 1 ga Oktoba, TAP kuma ana karɓarsa har 30 ga Yuni na ƙarshen shekarar karatun, don haka wanda ya gane a watan Afrilu cewa bai taɓa cike na jiha ba, yana iya cikewa a biya shi zangunan shekarar da ya cancanta. Namu na shekara ta biyu mun cike shi a Oktoba, da takardun harajin 2024, muka sake duba lambar makaranta, muka ƙara sunan ƙanwarsa a gurbin 'yan gida masu karatu tunda ita ma za ta shiga a Agusta. Takardar WAEC gare ta ita ma, don haka an riga an karɓar mata ranar ATB.